Tuban Zakka Ya Kai Har Aljihu

Karatunmu na yau yana cikin Bisharar Luka sura 19, aya 1 zuwa 10, labarin Zakka mutumin Yariko.

Mun san labarin nan tun muna makarantar Lahadi. Gajeren mutum ne, taro ya tare masa, sai ya ruga gaba ya hau itacen ɓaure domin ya ga Yesu. Yara suna jin daɗin wurin hawan itacen. Mu manya kuwa, akwai wurin da mukan yi sauri mu wuce.

Zakka shugaban masu karɓar haraji ne. Yana tara wa Romawa kuɗi daga hannun 'yan'uwansa Yahudawa, masu wannan aiki kuwa sun yi suna wajen ɗora nasu a kai. Ran da Yesu ya sauka a gidansa, jama'a suna ta gunaguni, Zakka ya miƙe ya ɗauki alkawari biyu. Rabin dukiyarsa zai ba matalauta, duk wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu.

Bari mu dubi ninki huɗun nan. A Littafin Firistoci sura 6, wanda ya ci amana, ko ya yi ƙwace, ko ya tsinci abu ya yi musu, sai ya mayar da abin, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, sa'an nan ya kawo ragon hadaya. Da Zakka ya tsaya a nan, da ba mai zarginsa. Ninki huɗu kuwa, a Fitowa sura 22, hukuncin ɓarawon tunkiya ne wanda ya yanka ta ko ya sayar. Ashe Zakka da bakinsa ya sa kansa cikin ɓarayi.

To, 'yan'uwa, mu fa? Mukan durƙusa mu yi kuka, mu ce Ubangiji ya gafarta mana, alhali kuɗin adashin da muka ci suna nan a wuyanmu. Mudun da muka bubbuge gindinsa yana nan a rumfa. Gonar marayun ɗan'uwanmu, wadda muka ce riƙo muke yi, yau shekara nawa? Roƙon Allah a ɗaka ya fi mana sauƙi, gama ba mai ganinmu. Sallama a ƙofar wanda muka cuta, nan ne ƙafa take yin nauyi.

Kada wani ya ji kamar muna cewa ana sayen gafara. Yesu ya kira Zakka da sunansa tun yana bisa itace, bai biya ko anini ba tukuna. Gafara kyauta ce ta wurin jinin Almasihu. Amma wanda alherin nan ya shiga gidansa da gaske, kayan mutane sukan fara yi masa zafi a hannu.

Wani zai ce, mai abin ya rasu. Magadansa suna nan. In babu dangi ko ɗaya, Littafin Ƙidaya sura 5 ya nuna a kawo wa Ubangiji. Wani zai ce, na riga na cinye, ba ni da shi. Je ka faɗi gaskiya, ku shirya biya kaɗan kaɗan, ko da mudu mudu ne bayan girbi. In kunya ta hana ka, ɗauki dattijon ikkilisiya guda ya raka ka. Mai yiwuwa ne a zage ka, ko a ƙi kulawa da kai, duk da haka ka je.

A Matiyu sura 5 Ubangiji ya koya mana mu ajiye baikonmu a gaban bagade, mu fara zuwa mu shirya da ɗan'uwan da yake da magana a kanmu. Kwana shida ne tsakaninmu da baikon Lahadi mai zuwa. Bari mu sunkuyar da kai mu yi addu'a, kowa ya ambaci sunan mutumin a gaban Allah.