Cibiyar Koyar da Rubutu: Darasi Daga Jami'ar Purdue



A 1976 Malama Muriel Harris ta kafa cibiyar koyar da rubutu a Jami'ar Purdue ta Amurka, inda ɗalibi kan zauna da malami su duba rubutunsa. A shekarun 1990 cibiyar ta ɗora darussanta a intanet kyauta, ɗaliban wasu ƙasashe ma suka amfana.

Yaranmu kuwa kan maƙale wajen rubuta kundin digiri, har wasu su biya a rubuta musu. Ina roƙon malaman jami'a da ke cikinmu su yi koyi da Purdue: darussa a shafin intanet, tambayoyi a zauren WhatsApp. Malami ya nuna kuskure, ɗalibi ya gyara da hannunsa.

Allah Ya yi mana jagora.