Ruwan Da Ya Ƙi Tsayawa: Darasi Kan Al'amura Masu Sarƙaƙiya



Al'adar jami'a ce ta rarraba ilmi sassa-sassa: ga sashen kimiyyar sinadarai, ga na lissafi, ga na ilmin halittu, ga na injiniyanci, kowanne da gininsa da littattafansa. Haka gwamnati ta ke rarraba aikinta ma'aikata-ma'aikata. Wannan rabo yana da amfani, domin babu mai iya sanin kome da kome. Amma akwai wasu al'amura waɗanda ba su san da wannan rabo ba. Su ne waɗanda gaɓoɓinsu su ke da yawa, kowace gaɓa tana taɓa 'yar'uwarta, sakamakon kuma yana komowa ya taɓa mafarinsa. Irin waɗannan su a ke kira al'amura masu sarƙaƙiya. Manufar wannan lacca ita ce a nuna, ta hanyar labarin wani kofin ruwa, irin asarar da a ke yi idan kowane sashe ya tsaya a kan iyakar gonarsa.

1. Kofin Belousov

A wajajen 1951 akwai wani masanin sinadarai a Mosko, ta ƙasar Rasha, mai suna Boris Belousov. Yana so ya kwaikwayi, a cikin kofin gilashi, yadda jikin mai rai ya ke ƙona abinci ya sami ƙarfi, watau zagayen da Hans Krebs ya bayyana a 1937. Sai ya haɗa asid ɗin lemun tsami da gishirin buromet da gishirin wani ƙarfe mai suna seriyam, ya narka su cikin ruwan asid. Abin da ya gani ya ɗaure masa kai. Ruwan ya yi rawaya, can sai ya washe, jim kaɗan ya sake yin rawaya, ya sake washewa, yana ta kai da komowa a kan lokaci kamar agogo.

Belousov ya rubuta abin da ya gani ya aika wa wata mujallar kimiyya, aka mayar masa da takardarsa, aka ce abin da ya faɗa ba ya yiwuwa. Ya koma ya ƙara bincike na wasu shekaru, ya sake aikawa, aka sake ƙi. A ƙarshe ɗan taƙaitaccen bayani kawai ya samu ya buga a 1959, cikin wani kundi na likitoci wanda masana sinadarai ba su karantawa. Abin takaici shi ne, ya bayar da cikakken bayanin yadda a ke haɗa ruwan, kuma kayan haɗin ba masu wuyar samu ba ne. Da masu tace mujallar sun ɗauki kofi sun gwada, da gardama ta ƙare a yini ɗaya.

Me ya hana su? Akwai wata doka tabbatacciya a kimiyya, doka ta biyu ta ilmin zafi, wadda ta ce duk abin da aka haɗa aka bar shi, to, yana gangarawa ne wajen daidaito, ba ya hawa da kansa. Ruwan zafi yakan huce, ruwan sanyi kuwa ba ya tafasa don kansa. Sai su ka ɗauka ruwan Belousov yana kaiwa ga daidaito yana kuma komowa baya, abin da dokar ta hana. Dokar gaskiya ce, fahimtarsu ce ta gaza. A dubi agogon da a ke wanawa. Waninsa yana warwarewa ta fuska ɗaya kurum har ya ƙare, amma a lokacin da ya ke warwarewa ƙaramin gargaren da ke ciki yana kai da komowa. Haka ruwan nan ya ke: manyan sinadaran suna ƙarewa sannu a hankali, ƙananan da a ke samarwa a tsakani su ne ke hawa da sauka. In manyan sun ƙare, launi ya tsaya.

2. Abin da sauran sassa su ka riga su ka sani

Abin lura shi ne, a lokacin da a ke musun Belousov, amsar tana nan ajiye a wasu sassan. Tun 1920 wani masani a Amurka, Alfred Lotka, ya nuna ta hanyar lissafi cewa jerin haɗuwar sinadarai yana iya hawa da sauka ba tare da tsayawa ba, muddin a cikinsu akwai wanda ke ƙara yawan kansa da kansa.

A Italiya kuma an iso ga wannan lissafi ta hanyar kifi. Wani masanin halittun ruwa, Umberto D'Ancona, ya duba lissafin kifin da a ke kawowa kasuwannin bakin Tekun Adiriyatik. Ya ga a shekarun Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'ad da su ya ragu, rabon kifaye masu cin 'yan'uwansu ya ƙaru: a tashar Fiume ya tashi daga kimanin kashi 12 cikin 100 a 1914 zuwa kimanin kashi 36 a 1918. Ya kai maganar ga surukinsa Vito Volterra, babban masanin lissafi, wanda ya warware ta a 1926. Idan ƙananan kifi su ka yi yawa, masu cinsu sukan ƙoshi su hayayyafa. In sun hayayyafa sai su cinye ƙananan. In ƙananan sun ragu sai yunwa ta rage manyan, sa'an nan ƙananan su sake yaɗuwa. Ƙa'idar da Volterra ya rubuta domin kifi ita ce wadda Lotka ya rubuta domin sinadarai.

Injiniyoyi kuwa sun riga kowa cin karo da abin. A 1788 James Watt ya sa wa injinsa mai aiki da tururi wata na'ura mai ƙwallaye biyu masu juyawa. In inji ya yi gudu, ƙwallayen su buɗe su rage tururi. In ya yi sanyi, su rufe su ƙara. Amma wasu injunan, maimakon su zauna a kan gudu ɗaya, sai su riƙa zabura suna lafawa. A 1868 James Clerk Maxwell ya bi lamarin da lissafi, ya fitar da sharuɗɗan da ke sa irin wannan na'ura ta natsu ko ta yi ta tangaɗi. Babban abin da injiniyoyi su ka koya daga nan shi ne, gyaran da ya zo a makare yakan zarce gona da iri, sai ya buƙaci wani gyaran.

To, ga abubuwa uku ke nan: sakamako mai komowa ya ingiza, sakamako mai komowa ya taka birki, da jinkiri tsakaninsu. Duk inda su ka haɗu a kan sami hawa da sauka. Manomin albasa ya san wannan ko bai shiga aji ba: bana ta yi tsada, baɗi kowa ya shuka, ta faɗi warwas, shekara mai zuwa kowa ya guje ta, ta sake tsada.

3. Yadda aka wanke Belousov

A 1961 aka ba wani ɗalibi a Jami'ar Mosko, Anatol Zhabotinsky, aikin sake duba wannan ruwa. Ya musanya asid ɗin lemun tsami da wani asid, ya auna abin da kyau, ya fara buga sakamakonsa a 1964. Da aka sa wani sinadari mai nuna ja da shuɗi, aka zuba ruwan shafal a faranti ba tare da motsawa ba, sai aka ga da'irori suna fitowa suna yaɗuwa kamar an jefa tsakuwa a tafki. In aka katse da'ira, sai ta naɗe ta zama kamar gammo mai juyawa.

A 1972 masana uku a Jami'ar Oregon ta Amurka, Field da Körös da Noyes, su ka bayyana matakan haɗuwar. Akwai wani sinadari mai ƙara yawan kansa, shi ke juya seriyam ya yi rawaya. Akwai buromaid, wanda ke danne wannan sinadari. Seriyam ɗin da ya yi rawaya kuwa, bayan ɗan jinkiri, shi ke sa a sake samun buromaid. Watau ga mai ingizawa, ga birki, ga jinkiri, daidai da kifin Volterra da injin Watt. A 1977 aka ba Ilya Prigogine na Beljiyam kyautar Nobel saboda bayanin yadda tsari ke iya fitowa da kansa cikin abin da ke nesa da daidaito, muddin ana ciyar da shi da ƙarfi. A 1980 aka ba Belousov da Zhabotinsky da abokan aikinsu uku kyautar Lenin. Belousov bai ga wannan rana ba, domin ya rasu tun 1970.

4. Daga kofi zuwa fatar damisa da zuciyar mutum

Mai sauraro yana iya cewa, to, ina amfanin ruwa mai sauya launi? Amfaninsa ya bayyana a ilmin halittu. A 1952 Alan Turing na Ingila, masanin lissafi kuma ɗaya daga cikin waɗanda su ka aza harsashin kwamfuta, ya nuna cewa sinadarai biyu, ɗaya mai ingizawa ɗaya mai hanawa, in mai hanawa ya fi saurin yaɗuwa, suna iya zana ɗigo-ɗigo ko ratsi-ratsi a wurin da da ba shi da zane ko kaɗan. Ya yi hasashen cewa ta irin wannan hanya halitta ke samun siffarta tun tana ciki. Bai san da Belousov ba, ya kuma rasu a 1954. Sai a 1990 aka ga zanen Turing ƙuru-ƙuru a ɗakin gwaji a Bodo ta Faransa, a 1995 kuma masu bincike a Japan su ka nuna ratsin jikin wani kifi yana sauyawa yadda lissafin ya faɗa yayin da kifin ke girma. Da wannan lissafi a ke ƙoƙarin bayyana rodi-rodin damisa da ratsin jakin dawa.

Batun zuciya ya fi wannan nauyi. Kowane bugu na zuciya wata igiyar lantarki ce ke ratsa tsokarta ta wuce. In igiyar ta katse ta naɗe kamar gammon nan na faranti, sai zuciya ta shiga karkarwa ta kasa tura jini, mutum ya mutu cikin 'yan mintoci. Na'urar da likitoci ke ɗora wa majiyyaci a ƙirji su ba shi lantarki mai ƙarfi, aikinta shi ne ta share waɗannan igiyoyi gaba ɗaya domin bugu ya sake farawa daga tushe.

5. Darasi ga mai riƙe da ofis

Lissafin Volterra ya ƙunshi wani gargaɗi: in aka kashe maci da abin cinsa tare, a ƙarshe abin cin ne zai ƙaru. An ga haka a Kalifoniya. Wani ƙwaro ya kusa hallaka gonakin lemu, aka kawo wata buzuzuwa mai cinsa daga Ostiraliya a 1888, ta shawo kansa. Da aka soma fesa maganin DDT a shekarun 1940, buzuzuwar ta mutu, ƙwaron ya dawo da ƙarfinsa. Wanda ya ba da umurnin feshi da kyakkyawar niyya ya yi, gaɓa ɗaya kurum ya duba.

Ba sai an je nesa ba. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Sun ba birnin Kano ruwan sha, sun raya noman rani a Kadawa da kewaye, wannan babu musu. Amma kogin Haɗeja, wanda a da ya kan yi ambaliya da damina ya janye da rani, ya koma mai gudu a kusan dukkan shekara. Ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa shi ne abin da ciyawar kacala ke so. Kacala ta rage gudun ruwa, laka ta kwanta, hanya ta ƙara cikewa, kacala ta ƙara samun wuri: sakamako mai ingizawa ke nan. Hanyoyin ruwa su ka toshe a fadamun Haɗeja da Nguru, wasu gonaki su ka nutse, wasu su ka bushe, masunta su ka rasa wurin jefa koma, tsuntsaye jan-baki su ka sami maɓoya suna cin shinkafa da alkama. Injiniyan da ya auna ƙarfin bangon madatsa bai yi kuskure a lissafinsa ba. Ciyawa da tsuntsu da laka ne ba su cikin fayil ɗinsa, suna cikin na wata ma'aikatar.

Saboda haka akwai tambayoyi uku da ya kamata duk mai tsara aiki ya yi kafin ya sa hannu a takarda. Ina sakamakon wannan aiki zai bi ya komo? Shekara nawa zai ɗauka kafin ya komo? Wane ne, a wani sashe ko a bakin kogi, ya riga ya san abin da ba a sani ba a wannan ofis? Ga ɗalibai kuwa, wanda ke karatun halittu kada ya guji lissafi, mai lissafi ya leƙa ɗakin gwaji, injiniya ya koyi sunayen ciyayin wurin da zai yi gini. Duniyar ilmi ta karɓi wannan hanya: an kafa Cibiyar Santa Fe a Amurka a 1984 musamman domin irin wannan bincike, a 2021 kuma an ba da kyautar Nobel ta fizik ga masana uku saboda aikinsu kan al'amura masu sarƙaƙiya, har da yanayin duniya.

Abu na ƙarshe ya shafi manya, masu ikon cewa e ko a'a. Wata rana ƙaramin ma'aikaci ko ɗalibi ko manomi zai kawo rahoton abin da littafi ya ce ba ya yiwuwa. Kafin a mayar masa da takardarsa, a tuna da waɗanda su ka mayar wa Belousov da tasa, a tashi a je a gani da ido.