Idan Baki Ya Gaza, Ƙwaƙwalwa Na Magana

Akwai majinyacin da cutar ALS ta shanye masa jiki kakaf, ko ƙifta ido ba ya iyawa, alhali hankalinsa garau. Yana jin ƙishirwa, ba halin faɗa.

Masana na neman hanyar da kwamfuta za ta ji shi. Tun 1924 likitan Jamus Hans Berger ya fara auna lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan'adam. Awon nan, EEG, yana da sauri, sai dai ƙoƙon kai na dusashe shi, ɗan motsin tsoka ma ya isa ya dagula shi. Akwai kuma fNIRS, hasken da ke ratsa kai yana bibiyar iskar oksijin a jini. Lantarkin tsoka bai cika damunsa ba, amma yakan makara da daƙiƙa biyar zuwa shida. Shi ya sa ake haɗa su a hula ɗaya, kowane ya rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Amma fa a bi a hankali. A 2017 mujallar PLOS Biology ta buga cewa irin waɗannan majinyata huɗu sun amsa "e" da "a'a" ta hanyar fNIRS. A 2019 aka janye binciken. Ku tuna da iyalan da suka riga suka sa rai.