Turkawan Jamus: gwamnati biyu na ja, su suna tsakiya



Yau Jamus za mu leƙa. A 1961 Jamus ta Yamma ta ƙulla yarjejeniya da Turkiyya don a kawo mata leburorin masana'antu da mahaƙar kwal. Sunan da aka laƙaba musu ma "baƙin ma'aikata", wai su yi 'yan shekaru su koma gida. To, da yawansu ba su koma ba. Yau masu asalin Turkiyya a can sun kai kusan miliyan 3.

Shekara da shekaru Jamus ba ta ɗauke su a matsayin nata ba. Sai a 2000 ta fara ba yaran da aka haifa a can shaidar zama ɗan ƙasa, shi ma da sharuɗɗa. Gurbin da ta bari kuwa, Ankara ta cike shi. Ƙungiyar DITIB da aka kafa a 1984 tana kula da masallatai kusan 900, limamanta kuma hukumar addini ta Turkiyya, Diyanet, ke turo su, ita ke biyan su. A 2010 aka buɗe hukumar YTB ta Turkawa mazauna waje. A 2014 suka fara kaɗa ƙuri'ar shugaban ƙasa daga ƙasashen da suke zaune.

Ƙuri'a na shigowa, rigima ta biyo baya. A Maris 2017 Holand ta hana jirgin ministan harkokin wajen Turkiyya sauka, saboda kamfe ya zo yi. Kun tuna Mesut Özil? Hoton da ya ɗauka da Erdoğan a 2018 ne ya jawo cecekucen da ya kai shi ga daina buga wa Jamus ƙwallo.

Ni dai a ganina, Ankara ƙuri'arsu take hange, Berlin kuma ta yi sakaci sannan ta dawo tana tuhumar biyayyarsu. Yaron da aka haifa a Berlin shi ke shan wahalar. Sai a 2024 Jamus ta amince kowa ya riƙe fasfo biyu.

Mu fa? 'Yan Najeriya mazauna waje suna turo kuɗi gida, amma har yanzu ba su da damar zaɓe daga can. In an ba su, ya za a yi kada 'yan siyasa su mayar da su rumbun ƙuri'a kawai? Ina jiran ra'ayoyinku.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.