Amosanin Jini: Abin Da Aka Koya Daga Ɓeraye

(Jawabi ga iyaye, malamai da ɗalibai na Gidan Waya da Kafanchan)

Jama'a, cutar amosanin jini, watau sikila, ba baƙuwa ba ce a Ƙaramar Hukumar Jama'a, haka nan a sauran sassan Nijeriya. A shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai wajen 150,000 da wannan cuta kowace shekara a ƙasar nan.

Jaririn da ya gaji cutar yakan fara rayuwa lafiya lau, sai ya kai kamar wata shida sa'an nan hannuwa da ƙafafu su soma kumbura. Ga dalili. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani furotin mai ɗaukar iska, ana ce da shi himogulobin. Irin wanda ɗan tayi ke yi a ciki ba ya lanƙwasa ƙwayar jini. Bayan haihuwa jiki yakan rage yinsa, ya koma yin irin na manya, wanda a jikin mai sikila ke mai da ƙwayar kamar lauje har ta toshe hanyar jini.

Domin a gane wannan sauyi, masana a Amurka suka samar da ɓeraye masu ɗauke da himogulobin sikila na ɗan Adam a 1997. A 2011 kuwa, Farfesa Stuart Orkin da abokan aikinsa a Boston suka hana jajayen ƙwayoyin irin waɗannan ɓeraye yin wani furotin mai suna BCL11A, wanda shi ne ke rufe ƙofar himogulobin ɗan tayi. Nan take ƙofar ta buɗe, jinin ɓerayen ya gyaru. Bisa wannan ilmi aka yi maganin Casgevy, wanda Birtaniya da Amurka suka amince da shi a 2023. Amma kuɗinsa a Amurka ya haura dala miliyan 2.

Saboda haka lalle ne a riƙe abin da hannu ke iya kaiwa. Maganin haidiroksiyuriya, wanda likita kaɗai ke rubutawa, shi ma yana ƙara himogulobin ɗan tayi. Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki na da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Don haka ana roƙon limamai da fastoci su nemi takardar gwajin jini kafin ɗaurin aure, iyaye kuma su kai jarirai asibiti a auna su tun ciwo bai taso ba. Allah Ya ba mu lafiya, amin.