Tashar Yamai, darasi ga Maraɗi

A Afrilu 2014 aka buɗe tashar jirgin ƙasa ta Yamai. A Janairu 2016 kamfanin Bolloré ya kai dogo Doso. Amma dogon bai haɗu da na Benin ba, kuma a 2017 kotun ƙolin Benin ta ba kamfanin Petrolin gaskiya kan Bolloré. Tasha ta zauna ba fasinja, ba haja.

A 2021 Nijeriya ta ƙaddamar da aikin dogon Kano zuwa Maraɗi. Kafin jirgi ya iso, wajibi ne hukuma ta bayyana a rubuce: wa zai mallaki tashar Maraɗi, wa zai ɗauki nauyin gyaranta da tsaronta?