Kujerar Gaba, Kujerar Baya: Yadda Kamfanonin Jiragen Sama Ke Sayar da Wuri



Duk wanda ya taɓa shiga mota a tasha ya san gidan gaba ya fi tsada. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma kuɗi daban. To, haka abin yake a jirgin sama: wurin zama shi ne hajar, kuma ba ya ƙaruwa.

Mu duba kamfanin Lufthansa na Jamus. Fasinjojinsa iri biyu ne. Akwai ma'aikaci wanda ofis ke biya masa tikiti, akwai kuma mai iyali da ya tara kuɗinsa don tafiya hutu. Na biyun nan yana ciniki, yana jiran rangwame. Don kada ya koma wa abokan gasa, sai Lufthansa ya buɗe ƙaramin kamfani a 2021, mai suna Eurowings Discover. Tashinsa na farko daga Frankfurt ne zuwa Mombasa da Zanzibar. A 2023 aka mai da sunan Discover Airlines. Dabarar ita ce a rage kuɗin aiki, a bi garuruwan hutu, ba tare da an zubar da darajar babban sunan ba.

To, ya ake raba wurin? A jirgin Airbus A330 irin nasu, layi ɗaya a baya kujera 8 ne. A ajin tsakiya 7, da ƙarin wurin miƙe ƙafa. A gaba kuwa 6, kuma kujerar tana kwantawa kamar gado, ta cinye tsawon da zai ɗauki layin baya fiye da ɗaya. In ka cika jirgi da gadaje masu saye ba su zo ba, ka yi asara. In ka cika shi da kujerun baya kaɗai, ka kori mai kuɗi. Shi ya sa ajin tsakiya ke samun kasuwa: ɗan ƙarin wuri, ƙarin kuɗi mai kauri.

Amma fa ba kullum dabarar ke ci ba. Air France ta Faransa ta ƙaddamar da Joon a 2017 don jawo matasa. Mutane suka kasa gane bambancinsa da uwar kamfanin, a 2019 aka rufe shi. Sabon suna kaɗai ba ya sayar da kaya.

Saboda haka, Alhaji, Hajiya, in za ku sayi tikitin zuwa saro kaya, ku tambayi ejan abu uku: wane kamfani ne zai ɗauke ku a zahiri, kilo nawa aka yarda muku, kuma akwai abinci cikin kuɗin? Tikiti mai arha kan zama mai tsada a wurin awon kaya.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.